Na je don Toronto, na dawo da Detroit

Ba don ƙwallo na je Amurka ba. Ɗan yayata ne, wanda ke aikin injiniya a wani kamfanin motoci a jihar Michigan, ya shekara uku yana yi mini naci. Duk sallah idan ya kira gaisuwa, kafin ya ajiye waya sai ya ce, "Kawu, wai yaushe za ka zo ka ga jikokinka?" Da Allah ya nufa biza ta fito a ƙarshen 2023, na haɗa 'yan komatsaina, mahaifiyarsa ta cusa mini kuka da busasshiyar kuɓewa da yaji a jaka, kilishi kuwa aka ce kada in kuskura, ba a shiga ƙasar da nama. Na tashi daga Abuja da dare, muka yada zango a Frankfurt, ranar Juma'a 22 ga Disamba da la'asar jirginmu ya sauka a Detroit.

Kafin mu gama da jami'an shige da fice mu fito, gari ya yi duhu, don ƙarfe biyar rana ke faɗuwa a can a wannan lokacin. Mutanen garin suna ta cewa sanyin bana mai sauƙi ne, ko ƙanƙara ba ta kwanta ba, amma ga wanda hunturun Zariya ne iyakar saninsa, iskar har ɓargo take ratsawa.

A kujerar baya ta motarsa akwai babbar 'yarsa, 'yar shekara goma, da wata hula shuɗiya a kanta mai tambarin ƙwallo. Bayan ta gaishe ni da Hausarta mai ɗan gargada, abin da ta fara tambaya shi ne, "Kaka, da gaske ka buga ƙwallon kwando?" Na ce da gaske ne, mun buga a filin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru a shekarun 1980, a kan siminti, da takalman da suka sha ɗinki.

"To wace ƙungiya kake so?"

Na ce Toronto. Bazazzagen da ya taɓa riƙe ƙwallon kwando ba shi da wata amsa da ta wuce wannan. Shugaban Toronto Raptors a lokacin, Masai Ujiri, a Ingila aka haife shi a 1970, amma a Zariya ya tashi, a can ya koyi wasan, a hannun wani koci Ba'amurke mai suna Oliver Johnson da ya shafe shekara da shekaru yana koyar da yara a garin. Ranar da Toronto ta ɗauki kofin NBA a 2019, mu tsofaffin 'yan wasan Samaru kiran juna muka yi ta yi a waya muna barka, kamar kofin Tudun Wada za a kawo shi.

Yarinyar ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce, "Toronto za su zo ranar Asabar ta sama. Za mu cinye ku." Mahaifinta ya rage murya ya ce, "Kawu, jiya aka ci su na 25 a jere."

Ga wanda bai san NBA ba, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, ƙungiyoyi 30 ne, kowacce tana buga wasa 82 daga Oktoba zuwa Afrilu, kusan duk bayan kwana biyu. Detroit Pistons, ƙungiyar garin da yarinyar ke goyon baya, sun fara kakar 2023-24 kamar abin arziki. Miami ta ci su da maki ɗaya tal a wasan farko, suka je suka doke Charlotte, suka dawo gida ranar 28 ga Oktoba suka lallasa Chicago da 118 da 102. Daga wannan daren ƙofa ta rufe. Nuwamba ya kama ya ƙare ba su ci wasa ko ɗaya ba. Washegarin saukata muna zaune a falo muka kalli Brooklyn ta ci su na 26, suka kamo Cleveland ta kakar 2010-11 da Philadelphia ta 2013-14, waɗanda su ne suka fi kowa dogon shan kashi a cikin kaka guda. Ranar Talata kuma Brooklyn ɗin za ta biyo su har gida. Yarinyar ta ce sai an je. Mahaifiyarta ta ce a bar yarinya ta huta da wannan baƙin cikin, ita kuwa ta kafe. Tikiti ya yi araha a lokacin, uban ya saya mana guda uku.

A kwanakin da ke tsakani ɗan yayata ya zaga da ni gari, kuma sai da na ga garin sannan na fahimci ƙungiyar. Sunan ma daga cikin injin mota ya fito: fistan, ƙarfen nan mai hawa da sauka da kowane bakanike a Kwangila ya sani. Wani mai masana'antar fistan ne, Fred Zollner, ya kafa ƙungiyar a Fort Wayne ta jihar Indiana, ya dawo da ita Detroit a 1957, lokacin da garin ke ƙera wa duniya mota, gidan Ford da General Motors da Chrysler. A 1950 mutanen Detroit sun haura miliyan 1.8. A ƙidayar 2020 ba su kai 640,000 ba. A 2013 gwamnatin birnin ta tsiyace, ta je kotu da bashin da ya kai kimanin dala biliyan 18 a kanta.

Lissafin ba ya shiga jiki sai ka bar tsakiyar gari. Za ka ga titi mai faɗin da zai ɗauki mota shida, ba kowa a kansa. Gida ɗaya tsaye, an share ƙofarsa, an yi masa adon fitilun Kirsimeti, dama da hagunsa kuma fili ne fetal, ciyawa ta rufe inda gidajen maƙwabta suke a da. Sai ƙafar bene ta siminti da ba ta kai ka ko'ina. Na tuna Kakuri a Kaduna bayan masaƙu sun rufe, yadda unguwa ke yin shiru idan jiniyar tashi daga aiki ta daina kuka. Amma a tsakiyar gari gini ake yi ba ƙaƙƙautawa. Tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Michigan Central, wadda ta shekara 30 a yashe, kamfanin Ford ya saye ta a 2018, muka tarar ana gab da gama gyaranta. Muka tsaya a gindin ƙaton dunƙulen hannun da aka ƙera don tunawa da ɗan dambe Joe Louis, muka gangara bakin kogi, ya nuna mini garin Windsor a tsallake ya ce, "Kawu, Kanada ke nan, kuma kudu da mu take." Ranar Lahadin nan ma garin murna yake, don ƙungiyarsu ta ƙwallon Amurka, Lions, ta zama ta ɗaya a rukuninta karon farko cikin shekara 30. Duk inda ka duba rigar Lions ce. Hular Pistons kuwa, a duk yawon da muka yi, a kan jikata kaɗai na gan ta.

Ranar Talata 26 ga wata bayan sallar isha muka shiga ɗan jirgin da ke bin titin Woodward, ya sauke mu a ƙofar Little Caesars Arena. An buɗe filin a 2017, yana cin mutum kusan 20,000, kuma a cikin rami aka gina shi, daga titi gangarawa ake yi zuwa kujerun ƙasa. Na ɗaga kai na ga tutoci uku suna reto a saman rufi: 1989, 1990, 2004. Biyun farko na zamanin su Isiah Thomas da Joe Dumars da Bill Laimbeer da Dennis Rodman ne, mutanen da Michael Jordan ya sha wuya a hannunsu kafin ya zama abin da ya zama. Na ukun na su Chauncey Billups da Ben Wallace ne, waɗanda suka karya Lakers ta Shaquille O'Neal da Kobe Bryant da ci 4 da 1. Ashe gidan sarauta ne aka wayi gari ba hatsi a rumbu.

Kusa da kujerar jikata akwai wani dattijo baƙar fata, zai kai shekara 70, sanye da riga mai lamba 3, ta Ben Wallace, wadda wanki ya koɗar. A cinyarsa ya ɗora wani ɗan allo da takarda da ya ja wa layuka da hannunsa, sunayen 'yan wasa a gefe, ga guntun fensir da bai wuce tsawon ɗan yatsa ba. Duk jifan da aka yi sai ya sa alama: da'ira idan ta shiga, gicciye idan ta kauce. Ga ƙaton allo na lantarki a sama yana nuna komai, amma shi nasa yake rubutawa. Muka gaisa. Ya ce ya yi shekara 30 da ɗoriya yana ɗaura ƙofofin mota a masana'anta kafin ya yi ritaya. Na tambaye shi tun yaushe yake wannan rubutun. Ya ce, "Tun Isiah yana yaro." Takardun suna nan a kwalaye a gidansa, kaka bayan kaka.

Aka rage fitilu, mai shela ya ja sunan garin da wata irin murya, Diiiitroit, jama'a suka amsa masa da sunan wasan, har sai da na ji kujerata ta girgiza. Mutanen da aka ci ƙungiyarsu sau 26 a jere ke nan.

Wasan zango huɗu ne, kowanne minti 12. Pistons suka fara da zafi, suka yi gaba, Brooklyn ta biyo a hankali ta kamo su ta wuce. Cade Cunningham, jagoran yaran, wanda aka ɗauka na ɗaya a zaɓen sababbin 'yan wasa na 2021, maki huɗu kacal ya ci kafin hutun rabin lokaci. Bayan an dawo sai ya zama wani mutum daban. Dogo ne, kusan mita biyu, kuma ba ya gaggawa. Zai riƙe ƙwallo yana bugawa a hankali, ya sa mai tsaronsa a bayansa kamar mai goyo, ya kutsa har tsakiya, ya tsaya cak ya ɗaga ya jefa. Mutum biyu suka rufe shi, ya ci. Uku suka rufe shi, ya ci. Maki 37 ya zuba a rabi na biyu kaɗai, 41 gaba ɗaya. Layin sunansa a takardar dattijon ya cika da da'irori har sai da ya ƙara a gefe. A zango na huɗu Pistons suna gaba da maki biyar, duk filin yana tsaye, jikata ta riƙe hannun rigata tana ja ba ta ma sani ba.

Sai Brooklyn ta ci maki 13 a jere ba a rama ko ɗaya ba. A gabanmu aka yi. Jifa ta leƙo ta koma, wani ya miƙa wa abokin gaba ƙwallo da hannunsa, wani ya manta mutumin da yake tsaro a kusurwa. Ana iya ganin tsoro yana shiga ƙafafun yaran, kowa na neman ya rabu da ƙwallon ya mayar wa Cunningham. Aka tashi 118 da 112. Daga kujerun sama wasu suka fara ihu, sauran suka kama: a sayar da ƙungiyar, a sayar da ƙungiyar. Da mai ƙungiyar suke, attajirin nan Tom Gores da ya saye ta a 2011.

Dattijon bai yi ihu ba. Ya tara lissafinsa, ya rubuta 27 a kusurwar takarda ya zagaye ta, ya ninke gida huɗu ya sa a aljihun kwat. Jikata ta ja hularta ta rufe idanu. Ya ɗan sunkuya ya ce mata, "'Yar yarinya, ranar Asabar ina nan a kujerar nan. Ke fa?" Ta gyaɗa kai, hular na rufe da fuskarta.

Daren nan ban yi barci da wuri ba. Abin da ya tsaya mini shi ne yadda za a ce ƙungiya mai ɗan wasa irin wannan ta yi wata biyu ba nasara. Da safe muna shan shayi na tsare ɗan yayata da tambaya, ya warware mini, na kuma haɗa da abin da idona ya gani.

A NBA babu faɗawa rukunin 'yan dagaji. A wajenmu ƙungiya tana ƙarewa a ƙasan tebur sai ta sauka, kamar yadda ta faru da Kano Pillars a 2022, don haka kowa da haƙori yake kare kansa. A can kuwa wanda ya fi shan kashi shi ke da damar fara zaɓar gwanin matasan da ke fitowa. An tsara haka ne don mai rauni ya farfaɗo, amma sai ya zama wasu shugabannin ƙungiyoyi suna sallamar manyan 'yan wasansu da gangan, su tara yara, su haƙura da 'yan shekaru na kashi suna jiran rabo. Don a rage wannan, tun 2019 ƙuri'a ake yi ta yadda ƙungiyoyi uku na ƙarshe kowacce kashi 14 cikin 100 kawai take da shi na samun zaɓin farko. Detroit ta ƙare kakar 2022-23 a matsayin ta ƙarshe, nasara 17, kashi 65, a shekarar da kowa ke kwaɗayin dogon yaron nan Bafaranshe, Victor Wembanyama. Ƙuri'a ta faɗa wa San Antonio. Detroit ta tashi da zaɓi na biyar.

Sai aka wayi gari da ƙungiyar da ginshiƙanta duk yara ne. Cunningham shekararsa 22, kuma wasa 12 kawai ya buga a kakar baya saboda aikin da aka yi masa a ƙwauri. Jaden Ivey 21, Jalen Duren da Ausar Thompson 20. Babban cikinsu mai hannun jifa daga nesa, Bojan Bogdanovic ɗan Kuroshiya, rauni ya hana shi wasa sai da Disamba ya shigo. Kuma duk wanda ya buga wasan nan ya san abin da rashin masu jifa mai maki uku ke jawowa: abokan gaba ba sa tsoron na waje, sai su tattaru a gindin kwando su cushe hanya, mai ƙwallo ya kutsa ya tarar da bango. Abin da na gani ke nan ranar Talata, mutum uku a kan Cunningham, na kusurwa a sake amma ba a damu da shi ba. An kuma ɗauko koci Monty Williams, wanda ya kai Phoenix wasan ƙarshe a 2021, da kwantiragin shekara shida na dala miliyan 78.5, mafi tsoka da aka taɓa ba wani koci a lokacin. Magoya baya sun yi ta kuka da yadda ya ajiye Ivey a benci a farkon kaka yana fara wasa da Killian Hayes, da yadda yakan fitar da manyansa biyar gaba ɗaya a lokaci guda.

Ni dai a ganina mafi yawan nauyin yana kan waɗanda suka haɗa ƙungiyar. Mai zama a ofis yana iya rubuta cewa za mu sha kashi shekara uku sannan mu tashi, a takarda abin ya yi kyau. Amma ba shi ne zai fito gaban mutum 20,000 duk bayan kwana biyu ba. Yaron da bai wuce sa'ar ɗan autana ba shi zai tsaya gaban 'yan jarida ya amsa tambaya iri ɗaya karo na 27, shi za a riƙa yi wa dariya a intanet daga Amurka har Samaru. Na taɓa zama a benci ana cinmu wasa biyar a jere a gasar makarantu, na san yadda abinci ke daina daɗi. Ban san yadda zuciya ke ɗaukar 27 ba.

Ranar Alhamis suka je Boston, gidan ƙungiyar da ta fi kowa ƙarfi a kakar, wadda ba a taɓa ci a gidanta ba zuwa lokacin, kuma ita ce ta ɗauki kofi a watan Yuni. A talabijin muka kalla. An tafi hutun rabin lokaci Detroit na da 66, Boston 47. Jikata ta hau kan kujera tana tsalle, har mahaifiyarta ta fito daga kicin da ludayi a hannu ta tsaya. Zango na uku ya cinye ratar kaf. Aka tashi kunnen doki, aka yi ƙarin lokaci, Boston ta ci 128 da 122. Na 28 ke nan, sun yi kafaɗa da Philadelphia da ta jera 28 a tsakanin kaka biyu a 2015. Saura ɗaya su zama su kaɗai a tarihin gasar, kuma waɗanda za su zo su ne mutanena.

Juma'a muka yi ta a Hamtramck, wani ɗan ƙaramin gari da Detroit ta kewaye. Da can 'yan asalin Poland ne suka cika shi, yanzu mutanen Yaman da Bangladash sun yi yawa, tun 2004 aka yarda a kira salla da lasifika, a 2021 kuma aka zaɓi majalisar gari da duk Musulmi ne. Jin kiran salla a sarari a tsakiyar Amurka, ana yayyafi, ya sa tsigar jikina ta tashi. Bayan an sauko muka ci gasasshen rago da shinkafa a wani gidan abincin Yamalawa. Muna cikin ci yarinyar ta ce, "Kaka, ana yi wa ƙwallo addu'a?" Na ce mutane ake yi wa, ta roƙa wa yaran nan Allah ya yaye musu abin da ke damunsu. Ta ce, "Ko da Toronto ɗinka ce za a ci?" Ban amsa ba, na tura mata nama gabanta.

Asabar da hantsi labari ya fito cewa Masai Ujiri ya yi musayar 'yan wasa da New York. Ya ba da OG Anunoby, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, da Precious Achiuwa haifaffen Fatakwal, da Malachi Flynn, ya karɓi RJ Barrett da Immanuel Quickley. Waɗanda suka tafi sun tafi, waɗanda za su zo ba su iso ba, ga shi daren jiya Toronto ta buga a Boston an ci ta da maki biyu. Mutum biyun da na fi ɗokin gani ke nan ba zan gan su ba. Saura Pascal Siakam ɗan Kamaru. Duk da haka na ɗauko jar hulata ta Raptors da na taho da ita tun daga Zariya na kafa a kai.

Mun samu kujeru a layin da muka zauna ranar Talata. Dattijon yana nan, da sabuwar takarda. Ya kalli hulata ya kalli ta jikata, ya yi murmushi ya ce gida ɗaya ƙungiya biyu, Allah ya kyauta.

A rabin farko ina tafa wa Siakam, kuma ya cancanta, maki 35 ya ci a daren, yana juyi da ƙwallo a gindin kwando kamar mazari. Amma idona ya ƙi barin yaran Detroit. Duren, ɗan shekara 20 mai ƙirjin basamude, duk ƙwallon da ta bugi baki ta dawo sai ya yi sama ya fizge ta da hannu biyu, har ƙarar tafinsa a jikinta muna ji daga inda muke. Sau 17 ya yi haka, ya ci maki 18. Cunningham kuma yau ba shi kaɗai yake ɗaukar kaya ba, yana rabawa, sau 12 ya miƙa aka ci, shi ma ya zuba 30, yawancinsu bayan hutu.

A zango na huɗu Detroit ta ba da rata, sai Toronto ta fara ragewa. Filin ya yi wani irin shiru da na riga na sani tun ranar Talata, shirun mutanen da suka ga wannan abin sau da yawa. Fensirin dattijon ya tsaya a sama. Jikata ta sa yatsu a baki. Wani yaron Detroit ya tsaya a layi zai yi jifan kyauta, ya buga ƙwallo a ƙasa sau uku, ya ja numfashi, sai na ji bakina yana cewa Allah ka sa ta shiga. Ta shiga. Na duba na ga a tsaye nake, hannuna biyu a sama. Na cire jar hular na ninke ta na sa a aljihu. Ban daina son Toronto ba, har gobe ina alfahari da ɗan Zariya. Amma Toronto idan an ci ta a daren, wasa ɗaya ta rasa cikin 82. Waɗannan kuwa sunansu ne za a rubuta a inda ba ya gogewa.

Toronto ba ta saki ba har daƙiƙar ƙarshe, ta yi ta zuba masu maki uku, rata ta dawo biyu. Aka busa. 129 da 127. Kwana 63 rabon Detroit da nasara.

Na ga ƙarti suna rungumar waɗanda ba su sani ba. Na ga wata mata mai tura keken guragu ta durƙusa ta kifa kanta a kafaɗar wanda ke ciki. 'Yan wasan kansu ba su yi wani tsalle ba, sun dai rungumi juna, Cunningham ya dafa gwiwoyinsa ya daɗe a sunkuye kamar wanda aka sauke wa buhu. Ƙungiyar da ke da nasara uku da kashi 29 ce fa. Dattijon ya zauna ya gama lissafinsa tsaf, layi bayan layi, hannunsa na rawa. A kusurwar da ya rubuta 27 ranar Talata, yau sai ya rubuta 1. Bai ninke takardar ba. Ya zare ta daga allon ya miƙa wa jikata ya ce, "Wannan taki ce, ke kika dawo."

A waje wasu samari suna ta ihun kaza, don a lokacin kamfanin Wingstop yakan ba da fiffike biyar kyauta duk lokacin da Pistons suka ci, wata biyu ke nan ba wanda ya ɗanɗana. A cikin ɗan jirgin wani yana cewa ai Toronto ba ta cika ba, ga gajiya. Gaskiya ya faɗa. Amma a cikin wasa 28 ɗin nan an sha haɗuwa da waɗanda ba su cika ba, kuma an sha kashi a hannunsu.

Na baro Detroit a tsakiyar Janairu. Sauran kakar daga Zariya na bi ta, ina tashi tsakar dare ina duba waya. Ba ta yi daɗi ba. A Fabrairu aka tura Bogdanovic New York, aka sallami Hayes. Suka ƙare da nasara 14, kashi 68, mafi muni a tarihin ƙungiyar, ƙuri'a kuma ta sake jefa su zaɓi na biyar. Aka kawo Trajan Langdon ya shugabanci harkar wasa, manaja Troy Weaver ya tafi, a watan Yuni aka sallami Monty Williams bayan kaka ɗaya tal, aka ɗauko J.B. Bickerstaff. Suka nemo 'yan manya masu hannun jifa suka zuba a gefen yaran nan dai da na gani. A kakar 2024-25 suka ci wasa 44, fiye da ninki uku.

Daren 21 ga Afrilu 2025, wajen ƙarfe uku agogon Najeriya, wayata ta yi ƙara. Pistons sun doke New York a gidanta da 100 da 94 a wasannin fitar da gwani na ƙarshen kaka, nasararsu ta farko a wannan matakin tun 2008. Kiran bidiyo ne. Yarinyar ta ƙara tsawo, Hausarta ma ta ɗan miƙe. Ta ce, "Kaka, ka gani?" Na ce na gani, a zaune nake. Ta juya wayar ta nuna mini ƙofar firij ɗinsu. Takardar tana nan a manne, gefenta ya ɗan naɗe, da'irorin fensir sun fara dushewa.

Ta ce, "Kana ganin ya rubuta na yau?"

Na ce mata ina kyautata zaton yana gaban talabijin ɗinsa, da allon a cinya.